Tafiyata Garin Shamuwa Bayan Takaba

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai na makarantarmu a nan Gwarinpa tambayar kenan, a islamiyyar ranar Asabar ma ita ce, har mai kayan miyan da nake saye a wurinta sai da ta ce, "Hajiya, wai da gaske tsuntsu kika je gani har Nijar?" Kowa sai in ba shi guntu in wuce, don akwai wuraren da in na zo faɗa murya take ƙin fita. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Maigidana, wanda kowa ke kira Dakta, malamin jami'a ne, masanin halayyar dabbobi. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana bin shamuwa: yaushe take zuwa, a wace bishiya take sheƙa, me take ci, ina take nufa in damina ta wuce. Yana da abokan aiki a ƙasashe da dama. Akwai wata a can kudancin Afirka mai bugo masa waya ta ce ga su nan sun taso, akwai wani a Turai mai haɗa 'yar na'urar da ake ɗaura wa tsuntsun a baya, akwai kuma Farfesa Isufu a Nijar. Amma cibiyar aikin wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, Angwal Tsamiya, inda duk farkon damina yake zuwa ya yi wata guda ko fiye. Ban taɓa bin sa ba, ban kuma taɓa tambayarsa yadda wurin yake ba. Allah ya karɓi ransa a ƙarshen shekarar da ta wuce, ranar wata Juma'a, yana shirin fita masallaci.

Sati biyu da fitata takaba sai ga Naomi. 'Yar Filato ce, ɗalibarsa ta farko, yanzu ita ma tana koyarwa a sashensu. Ta zauna a bakin kujera ta ciro wasu takardu.

"Madam, akwai abu ɗaya da Oga ya bar mini, ya fi ƙarfina," in ji ta. "Wannan shi ne takardan ƙarshe, wanda ya haɗa aikin duka shekarun. Kowa ya sa hannu. Amma duba wurin sunaye."

Na duba. Da biro, da rubutunsa mai karkata, ya rubuta: "Suna na farko, a tambayi Malam Haruna." Naomi ta yi mini bayani cewa a wurinsu sunan farko na wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin aikin ne, kuma Malam Haruna manomi ne, shi ne mai masaukin Dakta a ƙauyen.

Na ce, "To ki buga masa waya mana."

"Ba shi da waya. Kuma Madam, wannan ba maganan waya ba ne."

Ban san lokacin da na ce zan bi ta ba. Ita ma sai da ta ɗago ta dube ni.

Yayana Lawal, wanda ya yi ritaya ya koma noma a Karshi, ya ce bai ga abin da ya kai ni ba, amma ba zan ƙetare iyaka ba namiji tare da ni ba. Haka muka zama mu uku.

Jirgin ƙasa muka shiga daga Idu zuwa Kaduna. A kujerar da ke fuskantarmu akwai wani dattijon Bafillace da rugarsu ke bayan Karshi, za shi gaida 'yarsa. Ya ga hoton shamuwa a jikin jakar Naomi, ya ce ai bana sun makara, sai da aka shiga tsakiyar zafi suka ratsa ta kan rugarsu, kuma su ba sa fara shirin tashi da shanu sai sun gan su. Nan take Naomi ta zaro littafi. Wace rana? Da safe ko da yamma? Sun sauka ko wucewa suka yi? Har muka isa tashar Rigasa a Kaduna tana tambaya yana amsawa, yana jin daɗi an ɗauki maganarsa da muhimmanci. Na tuna yadda Dakta kan tsaya da masu gadi da masu kiwo a hanya ina cikin mota ina tsaki. A raina a lokacin surutu ne kawai.

Daga can muka shiga mota, muka kwana a Kano gidan ƙanwar mahaifiyarmu, da sassafe muka ɗauki shatar mota ta Daura. Zafi ake kamar a bakin murhu. Kafin azahar muna Kwangwalam, bakin iyaka.

A ɓangarenmu ba a tsayar da mu sosai ba, sai dai ni da na cusa katin rigakafina a ƙasan akwati, sai da na zazzage kayana a gaban maza kafin na same shi. A ɗaya ɓangaren ne aka yi ta. Wani matashin jami'i ya buɗe jakar Naomi ya ga madubin hangen nesa, da wasu 'yan na'urori guda huɗu masu siririn wutsiyar waya. Fuskarsa ta canza.

"Wannan na mi ne?"

"Na tsuntsu ne, ranka ya daɗe. Ana ɗaura masa a baya, sai ya nuna mana inda ya je."

"Tsuntsu ke gaya muku inda ya je. A cikin ƙasarmu." Ya tura jakar ƙarƙashin tebur ya ce mu zauna a benci.

Ban ga laifinsa ba, da yadda zamani ya zama. Takardar izinin da Farfesa Isufu ya aiko tana cikin wayar Naomi, wayar kuma ta mutu da zafi. Awa biyu muna zaune, Yaya yana ta fifita da hula yana cewa shi dama ya faɗa. Can sai ga wani babba a cikinsu ya dawo daga salla. Ya ɗaga na'ura ɗaya ya juya ta, ya ce, "Wannan ai irin kayan Dakta mai shamuwa ne. Ina shi? Bana ya makara."

Naomi ta nuna ni da ido. Mutumin ya dubi fuskata, ya ajiye na'urar a hankali, ya cire hularsa ta aiki. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?" Ya tara abokan aikinsa a wannan ɗan ofishin, har matashin da ya tsare mu, suka ɗaga hannu aka yi fatiha. Ya ce shekara da shekaru, in ya ga motar Dakta yakan aika gida a fito da iri, don ruwa ya kusa. Ta'aziyyar da ta fi ba ni wuya kenan tun rasuwar, a bakin iyaka, gaban mutanen da ban taɓa gani ba.

Daga nan hanya ta tsuke. Lokaci-lokaci sai a tarar da igiya a gicciye, jandarma ya zo ya sara maka tukuna kafin ya nemi takarda. Yaya ya ce shi dai wannan sarawar ta burge shi. Hausarsu ɗaya da tamu, sai dai lafiya ta koma lahiya, makarantar boko lakwal, asibiti ma likita suke ce masa. A Matamaye Yaya ya sayi burodinsu dogo mai kama da sanda, ya kai ciza ɗaya, haƙorinsa na roba ya tsage. Daga ranar har muka dawo da gefe ɗaya yake tauna, kuma duk wanda muka haɗu da shi sai ya ji labarin burodin.

A Damagaram gidan Farfesa Isufu muka sauka. Doguwar riga, magana a hankali, ya girmi Dakta. Matarsa ta kawo mana dambu da zogale da man gyaɗa da albasa, sai tukuɗi mai dabino da cuku, wanda in ka sha rabin kofi ka gama cin abincin ranar. Bayan la'asar aka ɗora shayi a tsakar gida. Na sha ɗan kofin farko mai ɗaci na yi godiya na miƙe, sai uwar gidan ta riƙo zanena tana dariya, ta ce a nan ba a tashi sai an sha na uku. Mu a Abuja baƙo na shan lemo yana duba agogo. Su sun ware wa zama lokacinsa.

A zaman shayin ne Farfesa ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce akwai shekarar da fara ta yi yawa, aka yi feshin magani a gonakin da ke kewaye da ƙauyukan sheƙa. Shamuwa kuwa fara ce abincinta. Ta ci, ta kai wa 'ya'yanta, aka wayi gari suna faɗowa daga bishiya. Shi da Dakta suka bi ƙauye-ƙauye suna tsinta, suka rubuta abin da suka gani, suka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce musu su dawo gobe.

"Mijinki ba ya faɗa, Hajiya, amma ba ya gajiya da zama a benci. Yanzu malaman gona sai sun tambayi inda sheƙa take kafin su yi feshi. Manomi ma ya gane tsuntsun nan ma'aikacinshi ne. Ɗalibaina da ke wannan aiki yau, da littattafanshi suka koya."

Ya nuna mini ɗakin da Dakta ke kwana in ya zo. Silifas ɗinsa na nan a bayan ƙofa.

Na fito na zauna a dakali, Naomi ta biyo ni. Nan na gaya mata abin da ta sani rabi. Shekara goma sha huɗu da suka wuce, a farkon damina, zazzaɓi ya kama ɗanmu na fari, yana ɗan shekara tara. Kwana uku aka yi. Dakta yana Angwal Tsamiya, ba waya a can. Ni na riƙe yaron, ni na rufe masa ido, Yaya ne ya tsaya a madadin uba. Sai bayan kwana biyu da binnewa ya shigo. Na ce masa ya koma wurin tsuntsayensa. Bai ce komai ba. Da shekara ta zagayo kuma ya haɗa jaka ya koma. Mun ci gaba da zama, mun rene 'yan matanmu biyu, ban taɓa ɗaga masa murya ba, amma wannan komawar ban yafe ta ba har ya mutu.

Naomi ta ce, "To me ya kawo ki, Madam?"

Na ce, "So nake in ga abin da ya fi mu."

Washegari Farfesa ya kai mu da motarsa. Bayan an bar kwalta sai rairayi, sai wani faffaɗan kwari busasshe da suke kira ƙori, wanda ya ce in ruwa ya sauko ko raƙumi ba ya ratsa shi. Ƙauyen ɗan ƙarami ne. Tsamiyoyi manya a tsakiyarsa, kowace cike da sheƙa, ƙasa fari fat da kashin tsuntsu, ga ƙarni. Shamuwoyin suna tsaye a kan rassa, baƙaƙe masu farin ciki, ana daka a ƙarƙashinsu ko a jikinsu. Na yi tsammanin zan ji wani abu. Tsuntsaye ne kawai.

Malam Haruna na zaune a zaure a kan buzu. Sai da na ga ya miƙa wa Yaya hannu ta inda Yaya ba ya nan na gane makaho ne. Labarin rasuwar ya riga mu zuwa, sun yi sadaka tun lokacin. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi addu'a. Sannan Naomi ta karanta masa abin da Dakta ya rubuta.

Tsohon ya yi wata 'yar dariya mara sauti.

"Allah shi jiƙan Dakta. Ya bar mini kayana in sauke da kaina." Ya ɗaga murya, "Abu! Taho nan."

Wata siririyar tsohuwa ta leƙo ta durƙusa a bakin ƙofar cikin gida, hannunta duk dusa. Matarsa ce, Zainabu.

"Da hwarko ni ke ƙirga mishi in ya koma gida," in ji Malam Haruna. "Sheƙa nawa, 'ya'ya nawa suka tashi, yaushe suka bar gari. Amma idona ya daɗe da tahiya. Ita ke yi. In baƙi suka zo a ce Malam Haruna, ni kuma in yi shiru in sha yabo. Dakta ya sani, bai taɓa tona ni ba. Ku sa sunanta."

"Haba Malam," ta ce, "sunana gaban naka?"

"Gaban nawa, gaban na Dakta, gaban na Nasaran ma. Shekara nawa kina duba sama har wuyanki ya ƙage?"

Naomi tana share ido ta shafa mata tawada a babban yatsa, ta dangwala a takardar. Sai Inna Abu ta dube ni ta ce in shigo ciki in sha ruwa.

Ɗakinta ta kai ni. Da idona ya saba da duhun sai na ga bangon gabas duk zane ne, an kankare shi da ƙusa, layi bisa layi, tun daga daidai kai har kusa da ƙasa. Kowane layi damina ɗaya. Dogon zane sheƙa, gajeru a ƙarƙashinsa 'ya'ya, wanda aka gicciye ya mutu. Ta ce in Dakta ya zo nan yake durƙusawa ya kwafe.

Ta ɗora yatsa a layin sama. "Wannan shekarar yaronki ce."

Na zauna a bakin gado.

Ta ce Dakta yana kan tsani a jikin tsamiya mai babur ya zo da saƙon Farfesa, cewa yaro ba lafiya, ya taho maza. A daren da ya gabata an yi ruwan farko, ƙori ya cika, shi kansa mai babur ɗin a wancan ƙetaren ya bar babur ya yi ta kira. Maza suka riƙe Dakta suka ce ya jira ruwa ya janye. Ya fizge. Ruwan ya ja shi ya maka shi da kututture, sai can ƙasa ya kama reshe ya fita, ba takalmi, ba tabarau, gefen cikinsa yana jini. Babur ɗin ya kafe a laka, da ƙafa ya kai kwalta. Littafinsa ya bari a gindin bishiya, ita ta tsince shi ta shanya. Ba ta iya rubutu ba, idon Malam kuma ya fara hazo, sai ta ɗauki ƙusa.

Na san wannan tabon. A haƙarƙarinsa na dama yake. Na taɓa tambayarsa ya ce faɗuwa ya yi.

"Da ya dawo baɗi, ba aiki ya zo ba," in ji ta. "Sallama ya zo yi muna. Ya ce ya bari, tsuntsu ya ci mishi ɗa. Ni na jawo shi nan na nuna mishi bangon. Na ce ga aikinka ban bari ya yanke ba. Ya zauna nan inda kike, ya yi kuka kamar yaro. Sai ya ce in ba shi littahin." Ta sunkuyar da kai. "Na san kin ji zahi. In akwai laihi a komowarshi, nawa ne. Na daɗe ina son in hwaɗa miki."

Gaskiya zan faɗa, fushi ne ya fara taso mini. Wannan matar da ƙusarta ta karɓe mini damina goma sha uku. Na so in ce mata wani abu mai zafi. Amma na dubi layukan nan, na ga ba ta tsallake ko ɗaya ba, har na bana ta fara, bayan ta san ba mai zuwa ya kwafa. Kuma wanda nake son in yi wa faɗan ba ita ba ce. Shi ne, da ya shigo gida da ciwo a haƙarƙari ya tsaya ya saurari maganata bai buɗe baki ba. Ni ma ban sake tambaya ba. Shekara goma sha huɗu muna kwana ɗaki ɗaya.

Na ce, "Ba ki da laifi, Inna." Sai kukan ya zo, wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Ta bar ni na yi, ba ta ce in yi haƙuri ba, ta dai riƙe mini mayafi.

Kwana biyu muka yi. Naomi ta ɗauki hoton bangon layi-layi, suka yi shawara da Farfesa cewa ɗalibansa za su riƙa zuwa kwafa. Da safe na bi Inna Abu zagayen bishiyoyi. Ta san kowace sheƙa, ta san wadda uwarta malalaciya ce, da wadda ake sace mata kara. Ni ko wuyana ne ya gaji tun a bishiya ta biyu. Yaya kuwa ya samu abokan hira, ya dawo da irin gero a ƙulle a hula.

Hanyar dawowa ba abin faɗa, ban da tayar da ta fashe mana kusa da Kazaure. Takardar tana hannun masu dubawa yanzu kafin a buga ta, Naomi ta nuna mini shafin farko, sunan Zainabu na sama.

Abu ɗaya ya rage, shi ne wanda nake kasa faɗa da baki. Ranar da za mu taso, har na shiga mota, Inna Abu ta matso jikin taga ta yi ƙasa da murya.

"Hajiya, yaron nan, mi ne sunanshi? Kullum ina sa shi a addu'a, sai dai in ce ɗan Dakta. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ɗan hwari ne, bakinshi ba ya iyawa."

Ni ma ban taɓa iyawa ba. Yana raye kunyar ɗan fari ta hana ni, sai dai in ce "kai" ko "yaron nan". Da ya mutu kuma ba wanda ya ƙara ambatarsa a gidanmu. Yaya yana gaba yana ji, Naomi tana gefena, Farfesa ya riga ya tayar da mota.

Na ce, "Mahmud."

Ta maimaita sau biyu a hankali, don kada ya ɓace mata. Sannan ta ja da baya ta ce mu sauka lahiya.